Guntun Allura na Uku

A rumfar mai awara maganar ta fara, inda kusan kowace magana ke farawa a unguwar ma'aikatan masana'antar laima. Wai akwai tsinin allura a cikin laimar da za ta sauke motar bincike a duniyar Mas. Wai allura ce ta karye ana tsaka da ɗinki shekara biyu da suka wuce, ba a ga tsinin ba, aka naɗe laimar da shi a ciki, aka cusa ta a kumbo, kumbon ya yi wata bakwai yana tafiya. Yau kuma, wajen sha ɗaya da rabi na safe, laimar za ta buɗe.

Malama Rong Peizhen tana cikin layi da kwanonta ta ji. Shekara talatin da huɗu ta yi tana duba ɗinki a masana'antar kafin ta yi ritaya, kuma ba a taɓa harba wani abu sama ba tare da an samu labarin da ya raka shi ba. Ta ji na ɓeran da ya haihu a cikin laima, ta ji na telar da ta ɗinke jan zare don neman sa'a. Duk ba ta ko ɗaga kai ba. Wannan kuwa da lamba ya zo: ƙyalle na talatin da ɗaya cikin ƙyallayen da aka haɗa laimar da su. A saninta masu ƙaga labari ba su cika wahalar da kansu da lamba ba. Kuma lallai an karya allura a ƙyalle na talatin da ɗaya. Ita ta buga hatiminta a katin da aka manna guntayen allurar.

"Daga bakin wa?" ta tambayi Tao, wadda a da take guga a masana'antar, yanzu kuma sai rainon jika da yawo da zance.

"Haba Yaya Rong, ai kowa ya sani."

"Kowa ba sunan mutum ba ne. Wa ya gani?"

Tao ta sauya wa jakar kabejinta hannu. "In dai sai an faɗa, ni na gani. Bayan an rufe katin da kwana ɗaya na shigo da sassafe na tarar da Nie Guilan a durƙushe ƙarƙashin keken ɗinkinta tana jan maganaɗisu a ƙasa. Washegari haka, jibi haka. Ke da kika yi karatu, ki gaya mini, me take nema bayan an ce an ga tsinin?"

"Shekara biyu kina ajiye da wannan, sai yau kika ga damar fito da shi?"

"Da ai ba ta kusa buɗewa ba."

Mai awarar ya sa baki yana kwasar miya da ludayi. Ya ce su kwantar da hankalinsu, akwai na'urar da ake bi da kowace laima ta ciki, ko ƙurar ƙarfe ta ji sai ta yi kuka, surukinsa ya gaya masa. Mutanen layin suka gyaɗa kai, aka koma zancen tsadar naman alade. Rong ba ta gyaɗa ba. Ta san na'urar tun ranar da aka sauke ta daga mota. Inda allurar nan ta karye yana dab da zoben ƙarfen da igiya ke kamawa, kuma a wurin na'urar kuka take yi ko da tsini ko babu. Don haka da ido ake duba wurin. Idon kuwa nata ne.

Ta bar layin da kwanonta ba komai a ciki.

Dokar masana'antar ba ta da wuya. In allura ta karye, keke ya tsaya. A tsince guntayen, a jera su a kati, a manne. Mai duba ɗinki ta zo ta haɗa su, ta ga allura ta cika daga gindi har tsini, sannan ta buga hatimi. In ba ta cika ba, ba mai barin ɗakin. Baƙi sukan ce an cika tsanani, don ba su taɓa ganin yadda ake naɗe laima ba. Da inji ake danne ta har ta yi tauri kamar gungumen itace, ta zauna haka wata da watanni. Ranar aikinta kuma kafin ƙiftawar ido za ta fita ta buɗe, a gudun da ya wuce na sauti, da nauyin motar gaba ɗaya a rataye. Ɗan ƙarfe mai kaifi ya tsinke zare ɗaya, yagewar ta samu hanya, shi ke nan. Babu laima ta biyu. Aikin shekara goma na dubban mutane zai zama tarkace a kan jan yashi.

Harabar masana'antar shiru. Kowa ya tafi babban zaure, inda aka kafa talabijin mai faɗin bango. A sito ta tarar da Tsoho Kuang shi kaɗai, yana rungume da gorar shayinsa.

"A'a, Damisa da kanta," ya ce. "Na ɗauka an zare miki haƙora kafin a sallame ki."

"An bar mini biyu, sun ishe ka. Buɗe mini durowar katunan allura."

"Yau? Ana can ana raba tutoci da lemo, ke kina neman katin allura?"

"Kai me ya hana ka zuwa?"

"Cikina. Tun asuba sau huɗu na zaga. In na je na zauna gaban wancan talabijin, abin kunya zan yi a gaban shugabanni." Ya dube ta ta saman tabarau. "Malama Rong, ba ki da takardar shiga fa."

"Ni na koya maka cika takardar, har yau kuma ba ka iya rubuta kwanan wata a gurbinsa ba. Buɗe."

Ya buɗe. Kati na ɗari biyu da sha ɗaya. Guntaye uku a jere ƙarƙashin salatif, sunan Nie Guilan a sama, a ƙasa kuma jan hatimin Rong, a miƙe, ba karkata. Ta kai katin bakin taga, ta ciro gilashin ƙara girma daga jakarta. Amma tun kafin ta ɗora shi ta riga ta gani. Guntu na farko da na biyu sun haɗu baki da baki. Na uku ya yi daidai a tsawo, sai dai ya fi siriri, kuma kwarin da zare ke bi a jikinsa bai faɗa kan na ɗan'uwansa ba. Allurar laima lamba goma sha takwas ce. Wannan tsinin na sha shida ne.

Ta dafa bakin tagar. A wancan kakan ne fitilun ɗakin ɗinki suka fara yi mata wani farin zobe, haruffa suka fara narkewa. Yanar ido ce ta fara rufe mata gani, kuma ba ta gaya wa kowa ba, don da ta faɗa da an mayar da ita ofishin takardu, laimar Mas ta wuce ta hannun wata. Sai bara, bayan ta yi ritaya, aka yi mata aiki. Ranar da aka kawo mata katin nan, guntaye ta ƙirga, uku, ta buga hatimi.

"Lafiya?" Kuang ya tambaya. Wasan ya fita daga muryarsa.

"Rubuta a littafinka na ɗauki kati na ɗari biyu da sha ɗaya."

"Ba a fita da kati."

"To rubuta na sace."

A bakin ƙofa ta tsaya da waya a hannu. Tana da lambar Injiniya Mu, babban mai kula da laimar, wanda a lokacin yana ɗakin sarrafa kumbon a Beijing. Ta kira ta ce masa me? Kumbon ya yi nisan da saƙo ke cin minti goma sha bakwai kafin ya isa, kuma ko ya isa babu hannun da zai kwance laima ya lalube ta. Abin da za ta ba shi kawai dutse ne ya ɗora a ƙirji na awa biyu. Duk da haka sai da ta nemo sunan, ta tsaya tana kallonsa har hasken wayar ya mutu. Ƙarfe tara da minti ashirin.

Nie Guilan tana hawa na biyar, a tsohon ginin da ba shi da lif. Rong ta huta sau uku a matakala, gwiwoyinta na zaginta. Ta tarar da ƙofa a buɗe, Guilan a zaune tana ɓare ɗanyen wake a cikin roba. Mijinta ya tafi zaure. Talabijin ɗinsu a kashe, an ma lulluɓe shi da tawul. A bango ga lambar yabon da aka ba ta, gwanar ɗinki ta shekara.

"Yaya, ke ce? Kin ci abinci?"

Rong ta ajiye katin a kan teburin, kusa da robar waken.

Guilan ta kalle shi. Ba ta taɓa ba. Ta ɓare wani waken, ta jefa ɓawon cikin ƙwayar, ta tsaya tana tsince shi.

"Allurar kekena na gida ce," ta ce can. "Na masana'anta a ƙirge suke, ba yadda zan karya wata. Ina da ɗaya a aljihu, na shiga banɗaki na karya ta da ƙyauren ƙofa."

"Ba wannan na hau bene biyar in ji ba. Ina tsinin?"

Guilan ta ɗaga manunin hannunta na hagu. Yatsa ne kamar kowane yatsan tela, kansa ya yi kanta, da wani ɗan farin tabo a gefen farce. "Ina jin yana nan."

"Kina ji, ko kin sani?"

"Ta nan ta shiga. Na fizge, na ji ta ɓalle. Na cusa hannun cikin hannun rigata, ko ɗigon jini bai taɓa ƙyallen ba, kin duba da kanki. Guntu biyu na samu a kan keke. Na ce na ukun ko yana jikina, ko yana ƙasa, ko..." Ta mayar da hannun cikin robar wake. "Kwana uku ina share ƙasan nan da maganaɗisu. Na lalube ɗinkin da yatsa sau ba adadi, zare bayan zare. Ban ji komai ba. In sanyi ya shigo kuma yatsan yana mini zugi. Sai na ce ai ga shi nan."

"Zugi. Ni ma gwiwata tana zugi, babu allura a ciki. Me ya hana ki faɗa?"

"Kin san me ya hana. Mai rauni a hannu wata guda take yi ba ta taɓa laimar kumbo ba. Saura mini shekara ɗaya in yi ritaya a lokacin. Shekara talatin ina ɗinka laimar da ake jefa buhun shinkafa da ita, ranar da aka kawo ta Mas sai a ce in koma gefe in riƙa naɗe zare?"

"Asibitin ma'aikata yana ƙarshen titin nan. Hoton ƙashi minti biyar ne. Shekara biyu, Guilan."

"In aka ɗauka ba a gan shi ba fa?" Muryarta ta yi ƙasa. "Yanzu ko ba komai ina da yatsa mai ciwo. In suka ce mini babu komai a ciki, Yaya, ina zan sa kaina?"

Rong ta ji maganar ta taso mata, irin wadda a da take sa 'yan ɗakin ɗinki kuka. Ta fara. Ta ce mata mayaudariya, ta ce ta ɗauki aikin mutum dubu ta yi caca da shi don kada a zaunar da ita a benci. Guilan ta bari har ta kai aya.

"Ke fa?" ta ce. "Na ajiye miki lamba sha shida a gabanki, na ce yau Damisa za ta cinye ni ɗanya. Har na so ki kama ni, a kwance ƙyallen, a huta. Kika kalla, kika buga. Duk ɗakin mun san ba kya gani. A gefen kofi kike tsiyaya shayi, mu riƙa goge teburin in kin juya baya."

Wani ya kunna talabijin a gidan da ke ƙasa, kiɗan da ake sawa kafin babban labari ya hauro ta taga. Rong ta zauna a kujerar da tun shigowarta ba ta yarda ta zauna ba. Ta ɗauki wake ɗaya, ta juya shi, ta mayar.

"Sa takalminki," ta ce.

"Mu jira mana. Saura rabin awa. In ta sauka lafiya ai magana ta mutu."

"In ta sauka lafiya, aiki ne ko sa'a? Yanzu haka ana yanka ƙyallen laimar kumbo na gaba, da na'urar nan, da irin katin nan, da wata mai duba da ban san lafiyar idonta ba. Gobe katin nan zai je ofis da sunana da naki, ko motar ta sauka ko ta tarwatse. Abin da ban sani ba shi ne me zan rubuta a ƙasansa."

Guilan ta ɗaga kai ta dubi lambar yabon da ke bango. Sai ta tashi ta nemo takalmi.

A asibitin ba mara lafiya ko ɗaya, kamar ciwo ma ya ɗauki hutu. Ma'aikatan jinya da masu shara da mai gadi duk sun taru a ɗakin jira, sun ɗaga kai ga talabijin ɗin da ke maƙale a bango. Likita Pu yana tsakiyarsu, hannu a harɗe, furfurarsa a hargitse.

"Yatsa?" ya ce, idonsa bai bar talabijin ba. "Na shekara biyu? Goggo Rong, don girman iyayenki ku dawo da la'asar."

"Benci ɗaya muka zauna da uwarka shekara ashirin. Lambarta tana cikin wayar nan. Ka zaɓa."

Ya sauke numfashi, ya wuce gaba.

Kafin su shige, mai gabatarwa a talabijin ɗin ta ce kumbon ya taɓa iskar Mas. Ta ƙara da cewa duk abin da za a ji daga yanzu ya riga ya faru da minti goma sha bakwai, kuma saukar gaba ɗaya minti tara ce. Rong ta tsaya cak a bakin ƙofa ta yi lissafin. Ashe an gama. Motar tana can a zaune a kan ƙafafunta, ko kuma tana warwatse, tun suna tsallaka titi. Ta dubi mutanen ɗakin, wata ta haɗa tafukanta a ƙirji, mai gadi yana cewa "a hankali, a hankali" kamar yana juya wa direba mota. Ta so ta ce musu wahalar banza suke yi. Sai ta ga nata hannun ya damƙe jaka har jijiyoyi sun tashi.

Na'urar hoton tsohuwa ce, sai ta ɗau zafi. Likita Pu ya shimfiɗa hannun Guilan a kan faranti, ya ware mata yatsu.

"Kada ki motsa."

"Ba ni nake motsa shi ba."

"Telar da ta fi kowa a masana'anta, hannu yana rawa haka? Numfasa ki riƙe."

Ya ja Rong bayan gilashi, ya danna. Hoton farko ya fito a dame. Ya yi tsaki, ya koma ya ɗora jakar yashi a wuyan hannun. Ta cikin ƙofa muryar talabijin tana shigowa guntu-guntu: zafi ya kai ƙololuwa, gudu yana raguwa. Sai wata murya ta namiji, a bushe, daga ɗakin sarrafawa, ta ce an harba laima.

Ɗakin jiran ya yi tsit. Rong ta san abin da ke faruwa a cikin shirun nan kamar a tafin hannunta: gungumen ya fita, igiyoyi sun miƙe, ƙyalle ya sha iska, kowane layin ɗinki ya ɗauki rabonsa na nauyi a lokaci guda, har da wanda ke dab da zobe. Ta cikin gilashi ta ga leɓen Guilan yana motsi. Ƙirga ƙyallaye take yi.

"Laima ta buɗe," in ji muryar.

Tafi ya ɓarke. Likita Pu ya yi kamar zai fita.

"Buɗewa daban, riƙewa daban," Rong ta ce. "Yagewa takan ɗauki lokaci kafin ta yi gudu. Danna."

Ya danna. Allon ya fara zana hoton daga sama, layi bayan layi, a hankali kamar mai jin barci. Muryar tana ƙirga tazara: kilomita bakwai, biyar, uku. Ta ce an saki laima, injinan birki sun kama. Daga nan aikin ya bar hannun teloli, amma ba wanda ya gaya wa ƙirjin Rong haka. Mita ɗari. An tsaya ana neman fili. Aka sake yin wani shirun, wanda ya fi na farko tsawo.

Ihun da ya biyo baya har gilashin ya amsa. Wata ma'aikaciyar jinya ta turo ƙofa, fuskarta jiƙe. "Ta sauka, Likita. Ta sauka da ƙafafunta."

Guilan ta zare hannunta daga ƙarƙashin jakar yashin, ta sulale ta zauna a ƙasa, ta jingina da ƙafar tebur. Da ta ɗago ta ce, "Yaya, mu tafi gida. Ba na son gani."

Rong ta riƙe hannun rigar likitan, wanda ƙafarsa ɗaya ta riga ta fita. "Hoton."

Ya dawo ya tsaya gaban allon. Ƙasusuwan yatsu biyar, fari-fari a kan baƙi. Ya ƙara girman manunin, ya sake ƙarawa. A gefen ƙashi na ƙarshe akwai wani ɗan tsinke da ya fi ƙashin haske.

"Ƙarfe ne," ya ce. "Wa ya bar mata wannan a ciki?"

"Auna mini. Tsawo da kauri."

Ya ja layi a kan allon ya karanta mata. Ta fito da katin, ta ɗora gilashinta a kan karyayyen bakin guntu na biyu, ta dubi allo, ta dubi kati, ta sa ya sake aunawa. Kaurin na lamba goma sha takwas ne, tsawon kuma shi ne abin da allurar ta rasa.

Tsinin allurar ƙyalle na talatin da ɗaya bai je Mas ba. Yana cikin yatsan hagu na Nie Guilan, jingine da ƙashi, inda ya shiga shekara biyu da suka wuce.